Yatsun Mai Kitso

Saloma ta wurga zobban cikin kwandon tsummoki tun kafin ta kwance ɗankwali. Zobba wai! Roba ce zalla, an lanƙwasa ta kamar lamba takwas. Ta sha doguwar tafiya daga Zuru har babban asibitin birni, ta yini kan benci, sannan wata yarinya mai farar riga, Amatullah, ta miƙo mata kayan wasan yara. Wai ta sa a yatsu, ta riƙa shan ƙwaya, tana motsa hannu cikin ruwan ɗumi. Abin haushi!

Ita fa mai kitso ce, kuma sanyin gaɓɓai ya kama mata yatsu. Gaɓar tsakiya ta banƙare baya, kan yatsa ya sunkuyo kamar wuyan agwagwa. In ta kama silin gashi sai yatsa ya cije, sai ta sa ɗayan hannun ta tanƙwaro shi.

Ga lokaci ya ƙure. Aaron, saurayin 'yarta Rachael, bana zai gama golmo, noman nan da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru. Ana girbi sai biki. Saloma ta kitse kawunan amare ba iyaka, ta kuma rantse a gaban matan unguwa cewa ba hannun da zai taɓa kan 'yarta sai nata.

Saboda haka ta hau babur sai Dabai, gidan Yari mai ɗori.

Yawwa, ga inda ake aiki! Dattijo ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Kullum hannunsa cikin baƙar safa, saboda zafin magani, in ji shi. Da ya kama yatsunta ta ji nasa da tauri kamar ƙarfe, ta ce a ranta hannun gado ke nan.

"Sun ba ki wannan roba mai baki biyu, ko?" ya tambaya, tun ba ta ce komai ba. Ya yi dariya har da tari. "'Yan boko! Abin da ya karkace miƙe shi ake yi, ɗiyata."

Ya tsaga karan dawa, ya miƙar da yatsun nan sambal, ya shafe su da man shanu, ya ɗaure tamau. Ta ji azaba har cikin haƙora, amma ta yi murna, don a ganinta maganin da ba ya zafi ba magani ba ne.

Haka ta yi ta zarya damina guda. Wani lokacin ta tarar da ƙofa a rufe, a ce Baba ya shiga daji neman saiwa. Washegari ya dawo fes, riga ba ko ƙaya, da ledar burodi a hannu. Saloma kuwa duk matar da ta ambaci asibiti a gabanta sai ta sha ba'a.

Dawa ta nuna, aka kwance ɗauri na ƙarshe. Yatsu sun ƙage ƙam. Da can sukan tanƙwaru in an taimaka musu, yanzu ko matsefi ba sa riƙewa. Rachael ta zauna a gabanta da tsefaffen kai, uwar ta yi, ta yi, sili ɗaya ya gagara. Yarinyar ta tashi ta ɗaura ɗankwali. Ranar Saloma ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa.

Da kunya da komai ta koma asibitin birni, ba ta gaya wa kowa ba.

Amatullah ta juya hannun a hankali, ta girgiza kai. "Haba Mama, wa ya yi miki wannan ta'asa? Zoben nan hana gaɓa banƙarewa yake yi, ya bar ta tana lanƙwasuwa. Ɗaurin kara kuwa sandarar da ita ya yi. Yanzu sai dai tiyata, ita ma ba kafin bikin ba."

Ragowar taurin kan Saloma ta motsa. "Ke, ki gaya mini gaskiya. Robar nan ta taɓa yi wa wani amfani?"

"Sosai ma. Akwai wani dattijo, nasa ya fi naki muni ranar da ya fara zuwa. Shekaru ke nan bai taɓa fashin magani ba, zobe kuwa ko barci da shi yake yi. Yau ba aikin da ba ya yi da hannunsa. Mutumin wajenku ne ma, bari ki gani da idonki."

Ta yaye labulen da ya raba ɗakin, ta ɗaga murya.

"Baba Yari, don Allah nuna wa baiwar Allan nan yatsunka."