Hannun da Aka Auna

Da aka tashi daga wasan zaɓaɓɓun 'yan ƙwallon jami'o'i a garin Mobile, Dontrell ya hango budurwarsa Keturah a bakin shinge, ta ɗora tsohuwar rigarsa mai lamba tara a kan tata. Ya ƙaraso yana haki, hular kwano a hammata.

"Masu zaɓen 'yan wasa sun auna hannuna, ya kai yadda suke so. Aikinki ne fa!"

Wata uku ta yi tana murza masa tafi da mai, tana jan yatsun har sai ya yi ƙara, don a irin wasansu da hannu ake jefa ƙwallo, manyan ƙungiyoyi kuma ba sa son mai jifa da ke da ƙaramin hannu.

Ko murmushi ba ta yi ba. "Ɗayansu ya zauna kusa da ni. Da ya ga rigar, ya ce ko ni ƙanwarka ce. Wai sun tambaye ka ko kana da budurwa, ka ce babu, ƙwallo kaɗai ka sani."

Ya kafa wa takalminsa ido.

"Wakilina ne ya ce in faɗi haka, Ket. Wai sun fi son..."

"Ka san me na ce masa? Na ce e, ƙanwarka ce. Ban so in ɓata maka."

Ya miƙo hannu ta saman shingen, bai iya ɗago kai ba. Ta dubi yatsun nan da ta san kowace gaɓarsu, ta tuɓe rigar, ta ninke, ta ɗora masa a tafi.

"Riƙe, Yaya," ta ce. "Allah ya sa su ɗauke ka."