Dillalin Riɗi da Buhun Siminti

Tunda misali kake so, gyara zama. A wani gari da ba sai na kama sunansa ba, an yi wani dillalin riɗi, mutum mai jiki, wanda Allah ya jarabta da son tseren mota. Ba irin na talabijin ba. 'Yan gari ne masu tsofaffin motoci da yawan cika baki, suke haɗuwa ran Lahadi a wani fili da aka gama kwasar marmara, su yi ta zagaye har mai ya ƙare ko lagireto ya fashe. Dillalin nan yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, siriri kamar sillen kara, wanda kullum yake riga shi kaiwa tuta, sannan ya tsaya bakin hanya yana yi masa fifita da hula. Ran da abin ya ishe shi, sai ya ci alwashi gaban jama'a: in taubashin ya sake wuce shi a babban tsere mai zuwa, zai miƙa masa makullin motarsa ya koma cikin 'yan kallo. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ya kai motar gareji. Bakanike ya saurari inji ya ce inji ba shi da laifi, tsayuwar motar ce ba daidai ba. Mota kamar teburin mai shayi take: in ƙafa biyu na kusurwa da kusurwa suka kwashe nauyin, sauran biyun rawa kawai suke yi, kuma a kwana ake gane haka. Maganin shi ne a ɗora kowace taya a kan sikelinta, a matse sifirin nan, a sassauta na can, har nauyin gaban hagu da bayan dama ya zo ɗaya da na gaban dama da bayan hagu. Sikeli kuwa ba abin nema ba ne a gidan dillali. Aka kwaso huɗu daga sitonsa, aka jera a daɓen da ba tudu ba kwari, aka tura motar ta hau, aka zuba mai a tanki. Sai bakanike ya buɗe ƙofa ya ce, "Bismillah, Alhaji, shiga ka zauna. Da direba a ciki ake yi."

Nan ake yin ta. Mutumin nan tun yana saurayi yake auna kayan mutane, amma shi ba a taɓa auna shi ba. Ya dubi allurar sikeli, ya dubi bencin gareji cike da 'yan zaman kashe wando, kowannensu ya iya ɗebe nauyin mota babu kowa daga nauyin mota da Alhaji, kuma kafin la'asar amsar ta isa kunnen taubashi. Nan take ya tuna yana da ɗaurin aure. Ya ce a aza wani abu a kujerar a madadinsa.

"Kamar nawa za a sa, Alhaji?"

"Buhun siminti ɗaya da rabi. Ka ma ɗan rage, na yi zazzaɓi kwanan baya."

Kada a zalunce shi, ya taɓa yin wannan nauyin, ranar angoncinsa. Bakanike ya dubi tumbin, ya dubi buhun, kara ta rufe masa baki, ya ce to. Ya wuni a ƙarƙashin mota da sifana, ya yi aiki na tsoron Allah, har allurai huɗun nan suka yi jituwa. Aka daidaita mota tsaf, amma aka daidaita ta don wani saurayi da tuwo da man shanu suka binne tun tuni. Dillali ya gwada ta a miƙaƙƙiyar hanya ya ji daɗi, don miƙaƙƙiyar hanya ba ta tona asirin kowa.

Ran tsere aka ɗaga tuta, ya taka totur. A kwanar hagu motar nan sai ta lanƙwasa kamar ruwa a kwalbati, har ya wuce taubashi yana ɗaga masa hannu. Amma da zarar hanya ta karkata dama, duk nauyin da aka ɓoye wa sikeli sai ya taru ya danne tayar gaban hagu. Ta yi nishi, cikin motar ya goge ƙasa, shi yana murza sitiyari ita tana miƙewa, kamar jakin da ya hango gida. Ya lallaɓa ta har zagayen ƙarshe. Kwanar ƙarshe kuwa ta dama ce, ga taubashi ya cika masa madubi. Ya ƙi taɓa burki. Motar ta yi gaba abinta, ta keta shinge, ta je ta zauna a tsakiyar gonar rogo. Ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai daga inda yake zaune yana jin tafin da ake yi wa wani.

Da aka jawo motar, ya cika alkawari ya miƙa makulli, yana cewa ai dama motar ce mai taurin kai. Taubashi ya shiga ya yi zagaye ɗaya don gwaji. Hagu lafiya, dama lafiya, ko ƙara taya ba ta yi ba. Ya dawo ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗan kawu, Allah ya saka da alheri. Wa ya gaya maka awona? Kamar tela ya ɗinka mini ita!"

Tun daga ranar, dillali yana da wurinsa a inuwar wata ɗorawa a bakin fili, inda yake kallon motarsa tana cin tsere. Shi ya sa Hausawa suka ce, ramin ƙarya ƙurarre ne.