Wayar da Ba Ta Yi Laifi Ba

Tsaya tukuna, kada ka je wurin mutumin nan da zafinka. Zauna in ba ka wani misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani mai gyaran kwamfuta da aka ba shi aikin shirya sabuwar cibiyar jarrabawa, zaure guda cike da kwamfutoci. Shi ya kawo abokinsa mai jan waya, wanda suka daɗe suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya tsaya masa a gaban mai cibiyar. Abokin ya ja wayoyin ta cikin silin, ya kai wa kowane teburi tasa. Saura a ɗora wa kwamfutocin babbar manhajar da suke aiki da ita. Bin su ɗaya bayan ɗaya aikin wahala ne, sai gwanin naka ya rubuta wani ɗan fayil mai ɗauke da amsar duk tambayar da kwamfuta ke yi lokacin ɗorawa. Nufinsa ya kunna su, kowace ta bi waya ta ɗebo manhajar daga babbar kwamfutar da ke gaban zauren, shi kuwa ya tafi shan shayi. A shagonsa ya gwada fayil ɗin a kan kwamfuta guda, aiki ya tafi sumul.

Ranar aiki aka tada janareta, ya kunna su duka, ya fita yana fito. Da ya dawo sai ya tarar da abin da hankali ba ya ɗauka. Wata ta kai rabi ta tsaya cak, wata tana cewa ba ta ga babbar kwamfutar ba, ta kusa da ita kuwa tana ta aikinta. Ya kashe ya sake kunnawa. Wadda ta ƙi ɗazu ta kama, wadda ta kama ɗazu ta ƙi. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya mayar, ya sake cirewa. Ya zargi janareta, ya zargi akwatin da wayoyin ke haɗuwa, har sai da ya tambayi maigadi ko filin nan da can maƙabarta ne.

To, ga inda ya ruɗe gaba ɗaya. Man gas ya yi tsada, mai cibiya kuma yana tsaye a kansa yana sauraren kukan janareta kamar a jikinsa ake tsiyayar man. Don haka duk sanda zai gwada kwamfuta mai gardama, sai ya kashe sauran, ya ɗauko ta zuwa teburinsa, ya haɗa ta da wata guntuwar waya tasa ta cikin jaka. Nan take sai ta ɗora manhaja lafiya lau. Ya mayar da ita wurinta, ya kunna duka, ta sake ƙi. Ya gwada wata, haka. Ya gwada wata, haka. Sai ya kalli silin ya girgiza kai, ya ce wa mai cibiya, "Alhaji, wayar cikin silin ce. Ni ma ban zaci zai yi mana haka ba."

Mai jan waya ya rantse, ya nemi a bar shi ya auna wayoyin a gaban kowa, ba wanda ya saurare shi. Aka sa shi ya ɓamɓare aikinsa da hannunsa, aka sallame shi. Kafin mako ya zagayo labari ya gama kasuwar 'yan kwamfuta cewa da ruɓaɓɓiyar waya yake aiki, masu ba shi kwangila suka janye. Wallahi abin da ban takaici, mutum da iyalinsa.

Aka kawo wani ya ja sababbin wayoyi. Aka kunna, ba abin da ya canja, ko ƙanƙani. Wannan karon ƙarfin ɗaukar kwamfuta ma ya ƙare wa gwanin naka, sai ya kashe duka ya kunna guda a inda take. Ta yi aiki. Ya kunna ta biyu, duka biyun suka tsaya. Ya leƙa adireshinsu, wato lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita a kan waya, ya ga lamba ɗaya ce. Ashe ran da ya yi gwaji a shago shi ya rubuta lambar da hannunsa a cikin fayil ɗin, ya manta bai goge ba. Duk zauren lamba ɗaya suke amsawa, kamar unguwar da aka buga wa kowane gida lamba iri ɗaya, ɗan aike ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya goge layin, ya bar babbar kwamfutar ta raba wa kowace tata, kafin la'asar zauren ya kammala.

Ya je gidan abokin nasa ba da haƙuri, ya tarar ya sayar da tsaninsa da kayan aikinsa, ya tafi wani gari neman abin yi. Matarsa ce ta amsa sallamar daga bayan ƙyaure, ba ta ce a shimfiɗa masa tabarma ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.