Ƙunshin da Ke Cikin Talotalo

Ƙarfe uku da rabi na yamma, mu uku ne a kicin ɗinmu na unguwar Bani Malik, can ƙasar Larabawa: ni, Umma da Kaka. Shekarata tara. Matar kafilin Abba, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ita ce ta aiko mana da daskararren talotalo, kyautar da ba ta taɓa yi ba.

Umma ta gasa shi sukutum a tanda, ta tsiyaye mansa, ta dama da fulawa ya zama romo mai kauri. Da ta tsaga shi, sai ga ƙunshin farar takarda a cikinsa, da wuya da hanta da zuciya.

Kaka ta janye ni. "Tun da nake, ban ga tsuntsun da ya ƙunshe zuciyarsa da kansa ba. Halas, magana ta ƙare, ba mai ci."

"Inna, iƙamarmu fa, takardar zamanmu a ƙasar nan, a hannunsu take," in ji Umma.

"Shi ya sa."

Aka zubar har da romon, ina tsaye ina haɗiyar yawu.

Yanzu ana ce min haka kamfani ke yi wa kowane talotalo. Na ji, amma ban gani ba. Don Allah, wanda ya taɓa ganin ana ƙunsawa da idonsa, ya faɗa min gaskiya.