Ɓeraye Arba'in na Dakta Maharazu

Ɓerayen sun iso Ƙanƙara a kujerar baya ta sabuwar Fijo, su arba'in, farare tas, kowanne da lamba a wutsiya. Shekarar Udoji ce, lokacin da kuɗi suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba su. Sai ta gina wa ɓeraye ɗaki mai fanka da janareta, ta yanka musu madarar gari da biskit. Manoman da suka tsufa suna yaƙi da ɓera a rumbu suka zo suka leƙa ta taga, suka koma gida suna salati.

Mai ɓerayen shi ne Dakta Maharazu, ɗan Ruwan Godiya, wanda ya dawo daga Turai da ƙasumba da wando mai faɗin ƙafa. Aikinsa gwada maganin gargajiya. A ɗura wa ɓera kwana ashirin da ɗaya. In ya mutu, akwai guba. In ya rayu, a ba mai magani takarda mai hatimi.

Da maganin ciwon shawara na Malam Gide na Faskari ya fara, kuma da dalili. Mahaifiyarsa, Inna Safara'u, tana kwance da shawara, ta ƙi allurar asibiti, ta kafe sai na Malam Gide. Dakta yana son tsohuwar nan kamar ransa, kuma yana tsoron abin da bai auna ba. Ya rantse ba za ta kurɓa ba sai ɓerayensa sun fara sha.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Na haihi ɗa ya sa ni layi bayan ɓera."

Malam Gide da kansa ya kawo maganin a tulu. Ya ce saiwa ce daga dajin Sabuwa da ɓawon wani itace da ba ya faɗin sunansa, sannan ya wanke allo bakwai na rubutu a ciki. Dakta ya yi dariya ya ce ɓera dai bai iya karatu ba. Baba Audi, tsohon da aka ɗauka gadi da shara, ya ajiye tsintsiya, ya goge hannu a riga, ya karɓi tulun da hannu biyu yana bisimilla.

Baba Audi ladan ne a masallacin unguwarsu. Irin mutanen nan ne da ko guntun takarda mai Larabci suka gani a ƙasa sai sun ɗauka sun soke a tsagar bango. Dakta ya yaba da tsantseninsa. Ya tace maganin, ya dafa shi har ya yi kauri, ya nuna wa tsohon yadda zai auni kofi guda kowace safiya ya bi ɓerayen da sirinji ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya hau Fijo ya tafi Kaduna taron ƙara wa juna sani a kan makomar kimiyya. Da aka gama wannan, aka buɗe wani a Legas.

Duk sanda ya leƙo, tambaya biyu yake yi daga bakin ƙofa.

"Nawa suka mutu, Baba?"

"Ko guda, ranka shi daɗe."

"Maganin fa?"

"Kullum kofi guda, babu fashi. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba."

Ɓeraye kuwa suka yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, har biyu suka haihu. Baba Audi ne dai ya fara lalacewa. Ya bar cin goro, ya koma zaman inuwa dafe da ciki, shara ta taru a tsakar gida. Dakta ya rubuta masa takardar gargaɗi, ya ce tun da aka ƙara albashi ma'aikata suka sangarce.

Ran kwana na ashirin da ɗaya aka ƙirga ɓeraye, aka samu hamsin da uku. Wane irin magani ne wannan, har da ribar ƙafa! Aka kafa rumfa, aka yanka rago, manya suka zo daga Kaduna da manyan riguna. Tun da safe Dakta ya cika galan da sauran tataccen maganin, ya tura direba Ruwan Godiya wurin Inna da saƙo: safe, rana, yamma. Rabonsa da farin ciki irin na ranar tun dawowarsa gida.

Ana cikin jawabi direban ya dawo ya raɗa masa cewa Inna ta shanye kofi biyu a gabansa, tana ta sa albarka.

Da aka zo nuna wa baƙi ɓerayen, aka tarar ɗakin a kulle. Makulli na aljihun Baba Audi, Baba Audi kuma an kai shi asibiti tun bayan ƙirgar safe. Dakta ya tafi karɓo makulli yana ta mita.

Ya same shi a gado, ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ɗauke. Malamin asibitin ya ja Dakta gefe ya ce hanta da ƙoda sun taɓu, wani abu tsohon nan ya daɗe yana sha, ya kuma ƙi faɗa wa kowa.

Dakta ya sunkuya a kansa. "Baba, me ka sha?"

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar, ya dube shi yadda ake duban yaron da bai gama hankali ba.

"Haba Dakta, da iliminka! Ruwan da anka wanke ayoyin Allah a ciki, in ɗura ma ɓera? Zubarwa kuma ba ta halatta ba. Ɓerayenka ruwan randa kawai na ba su, kofin nan ni nike shanye shi kullum."