Ƙanzon Tukunya

Tana cikin daka hatsi ta yanke jiki ta faɗi gefen turmi. Da mijinta ya ɗaga ta zai ɗora kan jaki ya kai ta asibiti, sai ya ji ba ta fi damin kara nauyi ba.

A shekarar yunwa abin ya fara. Shi yana Kano ci-rani, ita tana Matameye da 'ya'ya uku da surukinta tsoho. Takan zuba wa tsohon, ta zuba wa yara, ita ta kankare ƙanzo. Matan unguwa suka riƙa yabonta, suna cewa mace ke nan, ba ta damu da cikinta ba.

Damina biyu suka yi albarka, rumbu ya cika, amma ba ta koma ci ba. In ta haɗiyi loma sai ta ji kamar ta yi sata, ta zaga bayan ɗaki ta amayar. Da rama ta yi yawa aka ce iska ce, aka karɓo mata rubutu.

Da suka isa asibiti ranar da ta faɗi, likita ya duba idonta, ya riƙe tsintsiyar hannunta.

"Me kika ci yau?"

"Na ci, likita," ta ce, kanta a sunkuye.

Ya juya ga mijin. "Malam, yaushe rabon da ka ga ta ci abinci?"

Shekara goma sha ɗaya da aurensu, a zaure mijin yake ci tare da maza. Bai taɓa ganin hannunta ya kai bakinta ba.