Kaka Abarshi da Tauraruwa Mai Wutsiya

Ranar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, Kaka Abarshi ya ture ƙwaryar furarsa. Kowa a Kazage ya san ba ta fitowa sai babban mutum zai mutu, shi kuwa kwanansa tara zazzaɓi na dafa shi.

"Tawa ce," in ji shi, har da murmushi. "Shekara sittin ina ɗiban zuma a daji, sai yau sama ta san da ni."

Jikarsa Saude ba ta yarda ba. Kullum da asuba sai ta watsa gero kan jinka, tana roƙon taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, su tsince mai wutsiyar kamar tsutsa.

Rana ta huɗu kuka ya tashi a maƙwabta. Bakoji ne ya rasu, wanda ba sa ga-maciji da Kaka. Jama'a suka yi ta cewa, "Ashe Bakoji babba ne!"

Kaka ya yunƙura ya zauna.

"Saude, miƙo furar nan. Wallahi ba zan mutu a ragowar tauraruwar Bakoji ba. Tawa zan jira."

Saude ta fita ta ƙara wa Kaza gero.